Neman kalma: me za mu kira rigar da allura ba ta taɓa ba?

Jama'a, ina neman taimakonku da kalma guda, tun ranar Asabar take cina.

Ƙanena ne ya jawo maganar a shagon ɗinkin Kawunmu da ke bayan babbar kasuwar Sakkwato. Ya miƙa masa waya ya ce ya kalla. Riguna ne ke tafiya a jere suna rangaji, ƙugu da kafaɗa duk sun fito, yadi na kaɗawa, amma babu kai, babu hannu, babu kowa ciki. Kawu ya ɗaga ƙafa daga kan keke, ya gyara tabarau, ya kalla har sau biyu, sannan ya ce, "Kai yaro, wanga aikin mutanen ɓoye na?"

Ba na aljanu ba ne. Nunin kayan Anifa Mvuemba ne, 'yar asalin Kwango da ke zaune a Amurka, mai kamfanin Hanifa. A watan Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona, ba halin tara mutane a zaure, sai ta zana rigunanta a kwamfuta ta sake su a Instagram suna tafiya da kansu. Da Kawu ya tambayi sunan abin, ƙanena ya faɗi sunansa na Turanci, "bacuwal fashin". Kawu ya ce, "Hwashi? To ai na hwaɗi, ba abin kirki ba na." Shago ya kwashe da dariya. Nan na gane ba za mu ari kalmar yadda take ba. Intanet da kwamfuta sun zauna a bakinmu lafiya lau, amma wannan tana shigowa za ta yi karo da fashi da makami.

Ga abin da nake nema wa suna, don kada mu yi ta harbin iska. Tufa ce da ake yankawa a ɗinka cikin manhaja, irin su CLO3D ko Blender, har a ga yadda yadin zai zuba a jiki. Wata daga baya a ɗinka ta da gaske. Wata kuwa iyakarta allo: a ɗora maka ita a hotonka, ko a sa wa ɗan mutum-mutuminka na cikin wasan bidiyo. Kuma ana biyan kuɗi. A 2019 wani kamfanin Amsterdam mai suna The Fabricant ya sayar da riga irin wannan dala 9,500. A 2021 an sayi jakar Gucci a cikin wasan Roblox sama da dala 4,000, fiye da kuɗin ta gaske wadda za ka iya zuba goro ciki.

Na riga na tambayi wasu, sun kawo shawarwari. Wanda ya fara amsa mini ya ce "ɗinkin kwamfuta". Malam, na gode, amma an riga ka. Shiga kowane shagon tela ka ce kana son aikin kwamfuta, za a nuna maka surfanin da inji ke yi a wuyan kaftani, kishiyar aikin hannu. Kalmar tana da mai ita.

"Rigar iska" kuwa ban ma tsaya a kanta ba. Wa zai yarda a ce ɗansa telan iska ne?

Wata Hajiya ta kawo "suturar zamani". Ranki ya daɗe, a nan na fi daɗewa ina tunani, don kalmar tana da daɗin ji. Sai dai sutura a wurinmu abin da ya rufe tsiraici ne, shi ya sa har likkafani muke cewa sutura, kuma muke roƙon Allah ya suturta mu. Wannan abin ko sauro ba ya karewa, balle sanyin hunturu. Ba zan ba shi sunan da ya fi ƙarfinsa ba. "Zamani" kuma mun gaji da ɗora masa kaya, takin zamani, auren zamani, komai muka rasa sunansa sai mu jingina shi can.

"Tufafin allo" ta fi su kusa, kuma da ba a kawo wadda ta fi ta ba da ita zan ɗauka. Matsalarta guda: a garin nan in ka ce allo, hankali makarantar allo yake tafiya.

Sai wani malamin makaranta ya rubuto kalma biyu kawai: ɗinkin gizo.

Na juya ta ta kowace fuska ban ga inda ta yage ba. Gizo-gizo masaƙi ne, da zare yake sana'a. Intanet ɗin da kayan ke zaune ciki mun riga mun sa mata yanar gizo, ba wanda ya yi gardama. Sannan in abu ya bayyana a idonka alhali babu shi, cewa muke yana yi mini gizo. To me ya fi wannan dacewa da rigar da ake gani ba a taɓawa? Har bakan gizo ma haka yake, ga launi reras, ba abin kamawa.

An yi mini ƙorafi cewa Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, sunansa zai sa a ɗauki sana'ar damfara. Ban ƙi ba, kuma a harkar akwai 'yan damfarar, musamman wajen masu sayar da hoto da sunan jari. Amma yanar gizo ta shekara nawa a bakinmu, ta hana wani tura kuɗi ta waya?

Dalilin da ya sa na damu da sunan ba son iyawa ba ne. Mu Sakkwatawa an taɓa yi mana sakiyar da ba ruwa a kan suna. Fatar jar akuyarmu, wadda majemanmu suka jeme, ita ayari ke ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Aikin namu, sunan na wani. Yanzu ga aska takwas, ga aska biyu, ga tambarin da ake zubawa a ƙirjin babbar riga, masu yin su da hannu suna tsufa, yara ba su son zaman wata da watanni a kan riga guda. Duk wanda ya fara zana su a manhaja ya ɗora a kasuwar duniya, sunan da ya rubuta a ƙasa shi zai bi su. Na fi son yaron shiyarmu ya yi, ya rubuta aska takwas, Sakkwato.

Amfanin da na fi gani ma ba na sayar wa attajiran Turai hoto ba ne. Kawu kansa ya gano shi kafin in faɗa. Shadda mai tsada, in almakashi ya shiga ya shiga, ba gyara. Sau nawa mai kaya ke zuwa ana jibi Sallah ya ce ba haka ya ce a yi wuyan ba? Da zai ga rigar a jikin mai girmansa tun ba a yanka ba, ya ce a rage nan a ƙara can, da an huta da rantse-rantse. Haka mai oda daga Yamai ko Jidda, a tura masa ya gani kafin ya turo kuɗin yadi. Cikas ɗin dai sanannu ne: wuta, kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin CLO3D da ake biya da dala, ko da yake Blender kyauta ce.

Don haka ga inda na tsaya. Sana'ar, ɗinkin gizo. Kayan, tufafin gizo, guda ɗaya kuma rigar gizo ko hular gizo. Wanda aka zana don a gani kafin a yanka, samfurin gizo.

Saura mai yin aikin. Ni na ce telan gizo, ƙanena ya ce maɗinkin gizo ya fi mutunci. Da muka koma wa Kawu jiya ya raba gardama, bai ko ɗago kai daga wuyan da yake kafawa ba, ya ce duk wanda allura ba ta taɓa soke wa yatsa ba, shi bai yarda a kira shi tela ba, a nemo mishi wani suna. To ga shi nan, wa ke da shi?