Ina zan samo tallafin darasin kimiyya na dogon hutu ga yaran firamare a Daura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, ina koyar da kimiyya daga aji huɗu zuwa shida. Dogon hutun bara na tara yaran unguwa ashirin da 'yan kai a zauren gidanmu, muka yi sati uku muna 'yan gwaje-gwaje. Na zoɓo ne ya fi tafiya da hankalinsu: a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a jefa kanwa ya rikiɗe ya yi duhu kamar kore. Har gobe akwai yaron da in ya hango ni sai ya ce "ga Malama mai dabo". Bana iyaye sun fara yi mini magana tun yanzu, yaran za su kai sittin, albashina kuwa ba zai ɗauka ba. Ina bukatar tabarmi, batura, waya da ƙananan ƙwayayen lantarki, ɗan abin taɓawa, da ihsani ga malamai biyu da za su taya ni. Wani ya turo mini fom ta WhatsApp wai na tallafi daga waje, amma sai na biya dubu goma kuɗin rajista. Saura wata biyu a yi hutu. Don Allah ina zan nufa?

Wani tsohon hedimasta ya ce:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Kada ki tura ko sisi. Mai ba da tallafin gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, wannan ɗan damfara ne. Kuma ki cire rai da cewa gwamnati za ta miƙa miki kuɗi a hannu. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ta hannun takwararta ta jiha, wato SUBEB, yake bi, sai jiha ta zuba nata kason kafin a saki, kuma yawanci gini da kujeru da horar da malamai yake tafiya. Abin da za ki iya samu ta nan shi ne izini da aji. Ki rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ta hannun hedimastanku, ki kuma zauna da kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da gudanar da makarantar. Yara sittin ba aikin zaure ba ne.

Wani ma'aikacin ƙungiyar sa-kai daga Katsina ya ce:
Malama, gaskiya ɗaya ce, bana kin makara da manyan masu tallafi. Ba sa ba mutum ɗaya, ƙungiya suke ba, mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da asusun banki da sunanta. Rajistar amintattun ƙungiya kaɗai sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, kafin ya buɗe asusu. Masu tallafin su ma watanni suke ɗauka suna tantancewa. Ki nemi ƙungiyar da ta riga ta yi rajista, ta tsofaffin ɗalibai ko ta ci gaban unguwa, ki shiga inuwarta. Sai dai ku rubuta yarjejeniya kan wa zai sa hannu a fitar da kuɗi, don na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Bana ki ajiye komai: sunayen yara, rasiti, hotuna da izinin iyaye, da ɗan gwaji ranar farko da ranar ƙarshe. Da su za ki nemi na baɗi. Shirin tallafin ilimi na AGILE kuwa, kafin wani ya ambata, na 'yan matan sakandare ne.

Wani ɗalibi ya ce:
Anti, malaman ma ba sai kin biya ba. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk a Daura, mu da yawa za mu zo in akwai kuɗin mashin da takardar shaida. Maganaɗisu kuma akwai a tsofaffin lasifika wurin masu gyaran rediyo. Ki kai su rijiyar Kusugu a yi darasin guga da igiya.

Wata uwa ta ce:
Ni dai ban yarda da batun kyauta ba. Mu iyaye mu ba da ko ɗari biyar ce, maraya a yafe masa. Abin da mutum bai sa kuɗinsa ba, ran nan ya turo yaro gobe ya aike shi kasuwa. Sannan ki tuna Agusta tsakiyar damina ce, da safe maza na gona, da yamma Islamiyya. Ki fara shawara da malaman Islamiyya kafin ki tsayar da lokaci. Tunda ruwa ake yi, ki yanka gorar roba su riƙa auna ruwan sama kullum, nawa yaran sun so wannan.

Mai tambaya ta dawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na goge lambar mai fom. Baba, Litinin zan kai wa hedimasta takardar in sha Allah. Hajiya, zan sa ɗari biyar ɗin, mu gwada Alhamis da Juma'a da yamma tunda babu Islamiyya. Yallaɓai na Katsina, in kana da samfurin yarjejeniyar nan ka turo mini ta akwatin sirri.