Kayan kiɗan ƙauyukan Turkiyya: wanne na wa, kuma ya ake adana su a zafin Jidda?

Ɗan Jidda: Salamu alaikum. An kawo wa ƙanena molon Turkawa mai dogon wuya, saz. Na wace al'umma ne? Kuma zai jure zafin nan?

Baba Madina: Wa alaikumus salam, ɗana. Saz ko bagalama ta game ƙasar, amma ga Alawiyyan Turkiyya (Alevi) na ƙauyukan yankin Anadolu kayan ibada ce: da ita ake rera baitoci a taronsu na jem, a yi juyin ibada da ake kira semah, wanda UNESCO ta yi wa rajista a 2010. Tsirkiya 7 gare ta, rukuni 3. Ƙoƙon yawanci icen tut (mulberry) ne, ba ƙwarya ba.

Malama Hajara: Yankin Bahar Aswad daban ne. Ƙabilun Laz da Hemshin na lardunan Rize da Artbin suna busa tulum, salkar fatar akuya mai bututu 2, suna rawar horon hannu cikin hannu. Akwai kemence mai tsirkiya 3, ana goga ta kamar goge. Su kuwa dengbej, mawaƙan gargajiya na Kurdawa, galibi murya ce zalla, suna rera tarihin yaƙe-yaƙe da soyayya.

Baba Madina: Batun adanawa, ba rana kaɗai ba, iyakwandishan ma yana ɓarna. Busasshiyar iskarsa na tsotse laimar itacen, fuskar molon ta tsage. Kada a rataye shi saitin na'urar, kada a bar shi a mota. A sa soso mai ɗan danshi cikin leda mai huji a akwatinsa. In za a daɗe ba a kaɗa ba, a sassauta tsirkiyoyin, don wuyan siriri ne, yana lanƙwashewa.