Tsayi ne ke ba mai jifa gudu a kurket, ko wani abu daban?

Ɗan Oba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin wasan kurket. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu horar da yara, ina so masana su raba mana ita. In an zo zaɓen waɗanda za a koya wa jifan sauri, dogayen ake warewa, gajerun kuma a tura su jifan murɗe (mai sa ƙwallo ta karkace bayan ta daki ƙasa) ko tsaron bayan turaku (itatuwa uku da mai bugu ke karewa kada ƙwallo ta doke su). Hujjar ita ce wai dogon hannu ya fi cilla ƙwallo da ƙarfi. To amma Dale Steyn na Afirka ta Kudu da Malcolm Marshall na West Indies ba su wuce santimita 180 ba, kuma masu bugu ba su taɓa jin daɗinsu ba. Shin da gaske tsayi yana ƙara gudun ƙwallo? In ba ya ƙarawa, me yake ba mai jifa har manyan ƙungiyoyi ke rububin dogaye? Sannan yaro ɗan shekara 14 ko 15 da ya miƙe a cikin shekara guda, ta ina ya kamata a fara da shi?

Koci Babba:

Wa alaikumus salam Malam. A fara duba waɗanda na'urar auna gudu ta shaida. Jifa mafi sauri da aka rubuta shi ne na Shoaib Akhtar na Pakistan, kilomita 161.3 a awa, a gasar cin kofin duniya ta 2003 da Ingila a Cape Town. Tsayinsa bai wuce wajen santimita 183 ba. Brett Lee, mai 187, ya kai 161.1. Shaun Tait, mai 193, shi ma 161.1 a 2010. Mitchell Starc, wanda ya haura 195, ya tsaya a 160.4 a Perth a 2015. Ka ga tazarar tsayinsu ta fi santimita goma, amma tazarar gudunsu ba ta kai kilomita ɗaya ba. A ɗaya gefen ga Mohammad Irfan, mai santimita 216, wanda yawancin jifansa a kusa da 140 yake. Da tsayi ne ke kawo gudu, da babu mai kama ƙafarsa.

Masu hujjar dogon hannu ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. In hannu biyu suka juya da sauri iri ɗaya, ƙarshen dogon zai fi gudu, daidai gwargwadon fifikon tsawonsa. Matsalar tana wajen "sauri iri ɗaya". Dogon hannu ya fi nauyi, nauyin kuma ya fi nisa da kafaɗa, don haka juya shi ya fi cin ƙarfi. Abin da aka samu a tsawo sau da yawa ana mayar da shi a saurin juyawa.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Loughborough ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya auna ƙwararrun masu jifa 20, ya gano abubuwa huɗu da suka bayyana kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin gudunsu: saurin gudun tunkarowa, miƙewar gwiwar gaba lokacin sakin ƙwallo, yadda ƙirji ke kifowa gaba bayan ƙafar gaba ta sauka, da jinkirin hannun jifa, wato ya kasance yana baya sosai a daidai lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa.

Gwiwar nan ita ce uwa uba. Mai jifa yana tahowa da gudun mita biyar zuwa bakwai a daƙiƙa, sai ya dasa ƙafar gaba a miƙe. Ƙasan jiki ya tsaya cak, saman jiki ya wuce, kamar wanda ya danne birkin gaba na keke yana tsakiyar gudu. Wannan wucewar ce ke bi ta ƙugu zuwa kafaɗa, zuwa hannu, ta ƙare a ƙwallo. In gwiwar ta lanƙwashe, ƙafar ta shanye ƙarfin, kuma wurin sakin ƙwallon ya sauko. Shi ya sa za ka ga yaro dogo mai lanƙwasa gwiwa yana sakin ƙwallo daga tsayi ɗaya da gajeren da ya miƙe tasa. Ya yi asarar gudu, ya kuma yi asarar tsayin da ake yabonsa da shi.

Gudun tunkarowa ma da iyaka. In ya wuce abin da ƙafar gaba za ta iya tarewa, gwiwar za ta ba da kai dole. Jasprit Bumrah na Indiya taku kaɗan yake yi, amma yana ƙara sauri a takun ƙarshe, ƙafarsa a miƙe, ga gwiwar hannunsa mai lanƙwasawa baya fiye da ta yawancin mutane. Wannan halitta ce, ba a koyar da ita, kuma kada a bar yaro ya kwaikwaya, don doka ba ta yarda gwiwar hannu ta warware fiye da digiri 15 a lokacin jifa ba.

Mai Lissafi:

Koci ya gama da gudu, bari in ɗauki abin da tsayi ke sayo wa mai shi, wato tashin ƙwallo daga ƙasa.

Tsakanin turakun gefe biyu mita 20.12 ne. Layin da mai jifa ke takawa yana gaban turakunsa da mita 1.22. Wurin da ake so ƙwallon mai sauri ta faɗi, inda mai bugu zai rasa ko ya tako gaba ko ya ja baya, yana wajen mita shida zuwa takwas daga turakun mai bugu. A ce mita bakwai. Kenan ƙwallon za ta yi tafiyar kusan mita 12 kafin ta daki ƙasa. Wanda ya sake ta daga tsayin mita 2.0 zai sauke ta a kusurwar digiri tara da rabi. Wanda ya sake ta daga mita 2.3 zai sauke ta a kusan digiri 11. Digiri ɗaya da rabi ba ya cika ido, amma kafin ƙwallon ta ci ragowar mita biyar zuwa shida ta isa mai bugu, bambancin ya kai santimita 10 zuwa 15 a sama. Wannan ya isa ya kawar da ƙwallon daga tsakiyar sanda zuwa kafaɗarta ko safar hannu, daga nan kuma sai hannun masu cafewa a baya.

Joel Garner, mai santimita 203, ba shi ne mafi sauri a cikin abokan jifansa na West Indies ba, Michael Holding da Marshall sun fi shi. Amma ya fitar da masu bugu 259 daga wasa a wasannin Tes (wasan ƙasa da ƙasa mai ɗaukar kwanaki), a matsakaici kowanne a kan maki ƙasa da 21 da aka ci a jifansa. Ƙwallon da mai bugu ya saba takowa gaba ya tare, a hannun Garner sai ta taso masa haƙarƙari. In ya koyi ja da baya, sai yoka, wato ƙwallon da ake saukewa daidai ƙafar mai bugu, ta sauko masa a yatsun ƙafa daga can sama. Curtly Ambrose, mai 201, ya fitar da 'yan Ostireliya bakwai a kan maki ɗaya tak a Perth a 1993, a filin da ya yi suna wajen tashin ƙwallo. Glenn McGrath kuwa yawanci tsakanin kilomita 130 da 135 a awa yake jifa, ya fitar da mutum 563, da tsayin santimita 195 da sauke ƙwallo wuri ɗaya ba gajiyawa.

Gajere ma yana da nasa rabon, kuma masu zaɓen yara suna yawan manta wannan. Tsayin turaku santimita 71 ne kawai. Ƙwallon dogo da ta faɗi a mita bakwai a fili mai tauri takan haye samansu, don haka ko ta daki ƙafar mai bugu, alƙalin wasa ba zai ɗaga yatsa ya fitar da shi ba, tunda da ma ba za ta doki turaku ba. Ta gajere tana sulalewa ƙasa-ƙasa, ta tsaya a kan turaku. Bansar Marshall ma, wato ƙwallon da ake dukan ƙasa da ita da wuri don ta taso wajen kai, abin da ya sa ta fi haɗari shi ne ba ta hayewa saman kai, a maƙogwaro take zuwa, babu wurin sunkuyawa. Da haka ya fitar da 376, Steyn kuma 439. Lasith Malinga na Siri Lanka ya ƙara rage tsayin da gangan, yana sakin ƙwallo daga gefe, ta yadda yokarsa ba ta da kusurwar da za ta haye.

Saboda haka wurin saukewa ba ɗaya ba ne ga kowa. Dogo ya matso da ƙwallonsa gaba, wajen mita biyar da rabi zuwa shida da rabi, in yana so ta taɓa saman turke. Kuskuren dogayen yara shi ne suna jin daɗin ganin ƙwallo tana wuce ƙirjin mai bugu, sai su riƙa sauke ta nesa da shi, mai bugu mai wayo kuma ya ɗaga sandarsa ya bar ta ta wuce, ba ta cutar da kowa. Filin siminti da aka shimfiɗa wa tabarmar wasa yana ƙara wannan ruɗin, don ƙwallo ta fi tashi a kansa fiye da ƙasar da ta bushe ta yi laushi.

Ɗan Oba:

Na gode Koci, na gode Malam Mai Lissafi. Kenan in yaro dogo ne, sai a matsa masa kan miƙe gwiwar gaba tun yanzu, ya haɗa biyun?

Likitan Ƙashi:

A'a Malam, a nan a bi a hankali. Ban ƙi maganar Koci ba, amma miƙaƙƙiyar gwiwa tana da farashi, kuma ƙashin baya ne ke biya. Lokacin da ƙafar gaba ta sauka, nauyin da ke hawa jiki yakan kai ninki biyar zuwa takwas na nauyin mai jifan. Gwiwa mai lanƙwasawa tana rage wani abu daga ciki, miƙaƙƙiya kuwa tana tura shi sama. A yaron da ke cikin miƙewa, ƙashi ya riga tsoka tsawo, kuma bai gama ƙwari ba. Ƙashin bayan mai jifa ba ya gama tauri sai ya shiga shekaru ashirin da wani abu.

Raunin da aka fi gani shi ne tsagewar ƙashi a ƙasan gadon baya, a gaɓa ta huɗu ko ta biyar, galibi a ɓangaren da ke kishiyar hannun jifa. Mai jifa da hannun dama zai ji shi a hagu. Alamarsa ciwo a wuri ɗaya da yaro zai iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ya gantsare baya, yana lafawa in ya huta, ya dawo da zarar ya koma jifa. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna shi da wuri, sai MRI, hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi da nama. In an tabbatar, maganar watanni ake yi ba makonni ba. Pat Cummins ya fara wasan Tes a 2011 yana ɗan shekara 18, bai sake buga na biyu ba sai 2017, saboda raunin dunduniya da tsagewar baya da ta yi ta dawowa. Kyle Jamieson na Niyu Zilan, mai santimita 203, har tiyata aka yi masa a baya. Gajeru ba su tsira ba, Bumrah ma an yi masa a 2023.

Kafin a taɓa gwiwa, a ɗauki hoton yaron daga baya a duba abu biyu. Na farko, ƙugu da kafaɗu su fuskanci wuri ɗaya lokacin da ƙafar baya ta sauka. In ƙirji ya buɗe yana kallon mai bugu, sannan kafaɗu suka murɗe suka koma gefe kafin ƙafar gaba ta sauka, gadon baya ne ke shan murɗar, kuma in ta wuce digiri 30 ana ɗaukarta haɗari. Na biyu, faɗuwa gefe. Dogayen yara masu jifa da hannun dama sukan karkata kai da ƙirji zuwa hagu don hannu ya miƙe sama sosai. Yawanci tushen abin a ƙafa yake: ƙafar gaba tana ƙetare layin ta baya, ta tare wa ƙugu hanya. A ja layi da alli daga inda yake fara gudu zuwa turken da yake nufa, ƙafafun biyu su sauka a kansa.

Sai ƙidayar jifa. Ƙa'idar da hukumar kurket ta Ingila ta daɗe tana aiki da ita a baya ga 'yan 14 da 15 ita ce oba shida a jere, 12 a yini (oba ɗaya jifa shida ne). 'Yan 13 zuwa ƙasa kuma biyar a jere, goma a yini. Kada a yi jifa fiye da kwana huɗu cikin bakwai, kada kuma a jera fiye da kwana biyu. Jifan atisaye a raga yana cikin lissafi, nan ne ma ake wuce gona da iri don babu mai ƙirgawa. A riƙa auna tsayin yaron duk wata. In ana ganin yana miƙewa da sauri, a rage jifa, a ƙara aikin ƙarfafa cinya, ɗuwawu da tsokar ciki. Gwiwar takan miƙe da kanta in ƙafar ta yi ƙarfin ɗaukar nauyin.

Koci Babba:

Haka ne Likita, na yarda da wannan jerin. Ƙari ɗaya ga Malam mai tambaya, tunda ba kowa ke da na'urar auna gudu ba, kuma ido yana ruɗuwa: ƙwallon da ta taso ƙirji takan yi kamar ta fi sauri. Waya mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ta wadatar. A kafa ta a gefe, nesa yadda za ta kama hannun mai jifa da wurin faɗuwar ƙwallo. A auna nisan da tef, a ƙirga hotunan daga saki zuwa dukan ƙasa. In mita 12 ne cikin hoto 84, daƙiƙa 0.35 kenan, wato mita 34 a daƙiƙa, kusan kilomita 123 a awa. Na talabijin zai ɗan fi haka, don shi a bakin hannu ake aunawa kafin iska ta rage gudun. Kada a yi da hoto 30 a daƙiƙa, kuskuren hoto ɗaya a nan ya kai kilomita 12. A auna dogon da gajeren da ƙwallo iri ɗaya, jifa shida kowanne, a ɗauki matsakaici, a kuma rubuta tsayin da kowannensu ke sakin ƙwallo daga hoton guda.