Mutum-mutumi ko saƙago? Neman sunan Hausa ga karatun robotiks

1/ Jama'a, a taya ni shawara. Wani ɗalibi ya tambaye ni yadda zai faɗa wa mahaifinsa da Hausa cewa digirinsa na biyu a robotiks zai yi, wato karatun ƙera robot da sarrafa shi. Har na buɗe baki zan ce "ilimin mutum-mutumi", sai kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro.

2/ Mutum-mutumi siffa yake nunawa. Wanda ya ji zai hango kai da hannu biyu da ƙafa biyu. Amma robot na farko da ya kama aikin masana'anta, Unimate, a kamfanin General Motors a Amurka cikin 1961, hannu ɗaya ne kawai na ƙarfe. Na'urar bincike Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a 2012 kuwa tayoyi shida gare ta. Ina mutum a nan?

3/ Ko asalin kalmar "robot" ma bai taɓo siffa ba. Daga harshen Cek ta fito, daga "robota", wato aikin tilas. Marubucin wasan kwaikwayo Karel Čapek ne ya fito da ita a 1920, sai marubuci Isaac Asimov ya ƙera sunan fannin, wato robotiks, a 1941. Aiki suka duba.

4/ Wani ɗan'uwa ya ce a ce "na'ura mai sarrafa kanta". Malam, ma'anar ta yi, sai dai firji ma yana kunna kansa ya kashe kansa. Ga tsawo kuma: "masanin na'ura mai sarrafa kanta" ba zai zauna a bakin mutane ba. Ni saƙago na zaɓa. Gajeriya ce, tana bakin jama'a tuntuni, kuma ba ta ɗaure mu da siffar ɗan Adam kamar mutum-mutumi.

5/ Inda gizo ke saƙar shi ne sunan karatun kansa. A duba hannun ƙarfe mai gaɓa shida zai ɗauki ƙwai. Kyamara ta hango inda ƙwan yake. Kwamfuta ta lissafa iya lanƙwasar da kowace gaɓa za ta yi. Lantarki ya juya injinan gaɓoɓin. Na'urar da ke kan yatsu ta ji matsi ta ce ya isa, in ba haka ba ƙwan ya fashe. A ɗauka ɗaya an haɗa injiniyancin ƙere-ƙere, da na lantarki, da kimiyyar kwamfuta, da lissafi. Shi ya sa a aji ɗaya za ka tarar da gwanin manhaja da bai taɓa riƙe sifana ba, kusa da gwanin injin da ke fama da rubuta manhaja. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta buɗe wa fannin cibiya tasa a 1979, a 1988 ta fara digirin digirgir a kansa.

6/ To "kimiyyar saƙago" ta bar masu ƙira a waje. "Injiniyancin saƙago" ya fi kusa, amma masu binciken ƙirƙirarriyar basira za su ce an manta da su. "Fannin saƙago" ya kwashe kowa.

7/ Abin da na tura wa ɗalibin ke nan: "Baba, zan yi digiri na biyu a fannin saƙago." Wanda ya gama kuma a kira shi masanin saƙago. Mai wata kalmar ya gwada ta cikin wannan jimla tukuna, mu ji yadda ta zauna.