Arjeplog ta Suwidin: da me mutanenta suke rayuwa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san arewacin Suwidin, ina neman bayani kan ƙaramar hukumar Arjeplog. Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 14,500, amma mutanenta ba su kai 3,000 ba. To da me ake rayuwa a can? Kuma da gaske ne ana tuƙa motoci a kan tafki?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam. Arjeplog tana yankin Norrbotten, ta yamma ta yi iyaka da Norwe. Can wajen iyakar duk tsaunuka ne, gabas kuma daji da tafkuna dubbai. Garin kansa yana tsakanin tafkin Uddjaure da Hornavan, wanda zurfinsa ya haura mita 220, babu tafkin da ya kai shi zurfi a ƙasar.

Asali ƙasar Samiyawa ce, makiyayan barewar arewa. Azurfa ce ta jawo hankalin masarautar Suwidin: an gano ta a dutsen Nasafjäll a 1634, aka fara haƙa a 1635, ana narkarwa a Silbojokk. Tsakanin wuraren biyu babu hanyar keken doki, sai aka tilasta wa Samiyawa jigilar duwatsun azurfar da barewarsu, kuma an gallaza musu ƙwarai. Riba ba ta taka kara ta karya ba, a 1659 kuma sojojin Denmak da Norwe suka tsallako suka lalata wurin. Ma'adinin da ya ciyar da mutane da gaske shi ne dalma ta Laisvall, wadda kamfanin Boliden ya haƙa daga 1943 zuwa 2001. Da aka rufe mahaƙar iyalai da yawa suka tashi. Wanda yake son ganin kayan azurfar Samiyawa ya je gidan tarihin Silvermuseet da aka buɗe a 1965, tarin likita Einar Wallquist ne.

Bakaniken Sanyi:
Malam, da gaske ne ana tuƙa motoci a kan tafki, kuma yanzu gwajin motoci shi ne babban abin da garin ya dogara da shi. Tun shekarun 1970 injiniyoyi daga Jamus suka fara gwajin birki a kan tafkunan, yau kamfanoni irin su Bosch suna da wuraren gwaji na dindindin. Daga Disamba zuwa ƙarshen Maris baƙi dubbai ne ke shigowa, har wasu 'yan gari kan ba da hayar gidajensu su koma wurin dangi.

Amma ba a hawa tafki don kawai ya daskare. Dusar ƙanƙara tana rufe tafkin kamar bargo, ta hana sanyi ratsawa, don haka aikin farko shi ne share ta da ƙananan injuna marasa nauyi. Sai a riƙa huda ƙanƙarar wuri wuri ana aunawa. Ƙaramar mota tana son kaurin kusan santimita 25, manyan motocin share dusa kuwa sai ya haura 50. Kuma ba kauri kaɗai ake dubawa ba. Ƙanƙara garau mai duhu ita ce mai ƙarfi, farar da ta haɗu da dusa ana lissafa ta rabin ƙarfin waccan.

Inda ake samun matsala: idan dusa mai yawa ta sauka da wuri, nauyinta yana danne ƙanƙarar, ruwa ya bullo ta tsage-tsage ya kwanta a ƙarƙashin dusar bai daskare ba. Mota ta shiga nan ta kafe. Haka tarin dusar da aka ture gefen hanya, ƙarƙashinsa ƙanƙara ba ta kauri, shi ya sa ba a ajiye mota kusa da shi. Bakin kogi da mashigin ruwa kuma a guje su, ruwa mai gudu yana cin ƙanƙara ta ƙasa. In an gama, wani fili a goge shi sumul, wani a kankare shi ya yi kaushi, domin a gwada birki da taya a kan santsi iri daban daban.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To yaya ake isa can, kuma sanyin ya kai wane mataki?

Direban Arewa:
Filin jirgin sama mafi kusa yana Arvidsjaur, tafiyar kusan kilomita 85 a kan hanya mai lamba 95, wadda ta taso daga Skellefteå ta wuce har Norwe. A Vuoggatjålme da ke cikin ƙaramar hukumar aka auna digiri 52.6 ƙasa da sifili a Fabrairun 1966. Ba kullum ake kaiwa haka ba, amma 30 ƙasa da sifili ba baƙon abu ba ne. Daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayar hunturu idan hanya na da ƙanƙara, zanen tayar kada ya gaza milimita 3. Da dare a jona na'urar ɗumama inji da lantarki, in ba haka ba mai ya yi kauri, batir ya kasa tayar da motar. Barewa kuma suna tsayawa tsakiyar titi suna lasar gishirin da ake zuba wa hanya. Duk wanda ya buge ɗaya ya kira lambar gaggawa 112 ya sanar, domin kowace barewa da mai ita.