Ɗakin Bincike a Samaniya: Ƙauna ce ko Auren Dole?

Mai Buɗe Fage:
Salamu alaikum. Jiya bayan magariba na ga Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ta gifta kamar tauraro mai gaggawa. Ga baitina, amsa-amo "ya", kowa ya ɗora.

Wani ɗaki na can a rataye a samaniya,
Kilomita 400 tsakaninsa da duniya,
Cikin minti 90 ya kewaye ta gaba ɗaya,
Ƙasashe 15 sun haɗu, sun zam tsintsiya.

Uwar Baiti:
Tsintsiya, Malam? To tsaya, ina da tambaya.
A 1998 aka harba ɗakin farko, Zarya,
Rasha ce ta ƙera, Amurka ce ta biya.
Injin Rasha ke ɗaga tashar in ta sunkuya,
Faifan hasken rana na Amurka ke ba ta wuta dare da safiya,
Duk wanda ya yi yaji, shi ma zai sha wuya,
Auren dole ne wannan, ba na son zuciya.

Autan Zaure:
Hajiya ta kama bakin zaren gaskiya!
A 2011 kumbon jigilar Amurka ya yi ritaya,
Har 2020 kujerar Soyuz, kumbon Rasha, Amurka ke haya.

Mai Buɗe Fage:
Auta, kai ma ka koma bayanta? To ku ji:

Tun Nuwambar 2000 ba a bar ɗakin ba kowa, ko da kwana ɗaya,
Japan ta kai ɗakin Kibo, Turai ta kai ɗakin Columbus, suna nan lafiya,
Kanada ta miƙa hannun ƙarfe mai cafke kumbon kaya.
Fitsarin yau a tace shi, gobe ya koma shayin safiya,
Awa biyu ana motsa jiki don ƙashi kar ya zaizaya,
Wanda kuka raba wannan da shi ya wuce abokin tafiya.

Uwar Baiti:
Baitinka ya yi tsawo, Malam, karin ya karye, amma na yafe.

Sin fa? Dokar Amurka ta 2011 ta tare mata hanya,
Sin ta gina tasharta Tiangong, ba ta tsaya jin kunya.
Bayan 2030 za a tunkuɗa tashar ƙasa da ƙasa cikin teku ta nitse gaba ɗaya,
Wa zai sake haɗa su a ɗaki guda? Ga tambaya.

Autan Zaure:
Malam, Hajiya ta jefo ƙwallo. Muna jira.