A yi wa Kaka waƙa ko a naɗi muryarta?

Auta: Assalamu alaikum. Kaka ta haura tamanin, kullum muna cewa za a rubuta tarihinta, har yau shiru. Shawarata mu haɗa kuɗi mu ba mawaƙi ya shiga situdiyo ya yi mata waƙa. Takarda gara ke ci, kuma wa ke karantawa? Babu abin da ke riƙe tarihin mutum kamar waƙa.

Baffa: Wa alaikumus salam. Auta, waƙa daban, tarihi daban. Ka cika wa mawaƙi aljihu, zai ce tsohuwa ta fi kowa haƙuri, ta fi kowa kyauta, sannan ya jero sunayen waɗanda suka biya. A cire sunanta a sa wani, ta zama waƙar kakar maƙwabta.

Malama: Baffa, a gafarce ni, ban yarda ba. 'Yan dambe nawa aka yi a zamanin Shago? Wa ke tuna su? Shi kuwa Shago, mawaƙi Ɗan Anace ya hana a manta shi. Nana Asma'u ma da ta so mata su riƙe labarin Shehu, har da hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, ai a waƙa ta zuba shi, suka haddace.

Baffa: Nana Asma'u da ita aka yi hijirar, kuma ba biyanta aka yi ba. Shago kuma me kika sani nasa bayan ya iya naushi? Suna waƙa ke riƙewa, 'yata. Ni a ɗora waya gaban tsohuwa ta yi magana da bakinta, shi ke nan.

Goggo: Yaya, kai da kanka ka san wannan ba za ta yi ba. Ka taɓa jin ta ambaci sunanka? Kai ne ɗan fari, har gobe "yaron nan" take ce maka. Sunan Baba ma ba ta taɓa kamawa ba, sai dai "mai gidan". Ka ajiye mata waya ka ce ta ba da labarin aurenta, za ta ce ai an zauna lafiya, ta ja bakinta ta tsuke. Amma ku da kuke maza ba ku zauna gindin dutsen niƙa ba. Ni na zauna. Tana durƙushe tana tura dawa, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana rerawa ƙasa-ƙasa. A nan na fara jin an yi mata kishiya tana da tsohon ciki. A nan na ji yadda ta sayar da tasoshin jerenta a shekarar fari ta 1973 ta sayo hatsi. Shekarar ce kuma aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kobo, ta fasa asusunta na cinikin ƙuli-ƙuli tana kuka, don ta ɗauka kuɗin sun mutu. Ba ta taɓa faɗar ko ɗaya da magana ba.

Auta: To kun ji! Goggo ta goyi bayana.

Goggo: Ban goyi bayanka ba, ɗan nema. Wane yaro ne a situdiyo ya san tasoshinta? Waƙar tana nan a bakinta, ita za a nema. Matsalar, tun da injin niƙa ya shigo unguwa ta daina.

Malama: Sai mu je mu mata kawai, ba namiji ko ɗaya. A jawo turmi a fara daka, Goggo ta ɗauko amshi, mu ga ko za ta karɓa. Ni zan kunna waya. In ya so daga baya a ba mawaƙi ya ɗora, amma baitocinta ne.

Baffa: Da saninta za a naɗa, ba a ɓoye ba. Kuma akwai habaici a waƙoƙin nan, 'ya'yan kishiyar tata ƙannenmu ne, suna raye. Kada a tono abin da zai raba zumunci.

Malama: In aka cire habaicin, Baffa, mun koma waƙar yabon da kuka ƙi.

Baffa: Ban ce a cire ba. A naɗa duka, a adana. Wanda za a saki a waje sai mun zauna.

Auta: Ni dai a bar ni in je, ai matata ce.

Goggo: Ka zo ka tsaya a zaure. Kuma ka taho da goro, fari take so.